Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Bin Diddigin Aibin Kayan Masana'antu a Katsina

Duk wanda ya taɓa sayen bulo a cikin birnin Katsina, aka sauke masa a bakin fili, ya ga wani kashi ya farfashe tun magini bai taɓa shi ba, ya san maganar da za mu yi a yau. Haka nan uwargidan da ta auno shinkafar gida ta yini tana tsintar tsakuwa, da telan da ya warware yadi ya tarar da farin zare ya ratsa tsakiyar rini. Abin da muka saba yi idan haka ta faru shi ne neman wanda za a ɗora wa laifi. A yi wa yaron shago faɗa, a zaftare wa lebura kuɗin yini, ko ma a sallame shi. Bayan mako biyu sai aibin ya dawo, domin an hukunta mutum ne, ba a taɓa musabbabin ba.

Wannan magana ta zama wajibi a yanzu, saboda kasuwa tana ƙara buɗewa. A ranar 1 ga Janairu 2021 aka buɗe ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta ƙasashen Afirka, kuma a watan Fabrairu na shekarar aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Katsina da Jibiya. Hanyar da za ta fitar da kayanmu ita ce kuma za ta shigo da na wasu. Mai saye da ya sami zaɓi ba zai ɗauki mai aibi don kunya ko don zumunci ba.

Asalin dabarar

Bayan yaƙin duniya na biyu, kayan ƙasar Japan sun yi suna wajen araha da rashin ƙarko. A shekarar 1950 wani masani daga Amurka, Edwards Deming, ya je can ya koyar da masu masana'antu cewa galibin aibi daga tsarin aiki yake fitowa, ba daga sakacin ma'aikaci ɗaya ba. Japanawa suka ɗauki wannan darasi suka gina a kansa. Farfesa Kaoru Ishikawa na Jami'ar Tokyo ya jagoranci kafa ƙananan da'irorin inganci daga 1962, wato ma'aikatan sashe ɗaya su riƙa zama a kai a kai suna warware matsalar sashensu. Shi ne kuma ya yaɗa zanen da ake kira ƙayar kifi: a rubuta aibin a wurin kan kifin, sa'an nan kowace ƙaya ta ɗauki ɓangare ɗaya da ake tuhuma, wato mutane, injina, ɗanyen kaya, tsarin aiki, awo, da yanayin wuri. A kamfanin motoci na Toyota kuwa, Taiichi Ohno ya koya wa ma'aikata su maimaita tambayar "don me?" har sau biyar, kowace amsa ta haifi tambaya ta gaba, har a kai ga tushe. Daga baya, a 1987, kamfanin Ford na Amurka ya tsara matakai takwas da tawagar ma'aikata za ta bi daga gano aibi har rufe maganarsa.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kwamfuta ko injin waje. Allo da alli sun isa, muddin akwai haƙuri da faɗin gaskiya. Ƙasar Habasha ta ga amfanin abin har ta kafa cibiya ta musamman a 2011, tare da taimakon Japan, domin koyar da shi a masana'antunta.

Darasi daga auduga

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne auduga, ko kaɗa kamar yadda da yawa daga cikinmu ke kiranta. Jiharmu tana sahun gaba wajen nomanta a Nijeriya, musamman a shiyyar Funtua da Malumfashi, inda ake da injinan gurza, ga kuma masaƙar Funtua. Ɗaya daga cikin koke-koken da aka daɗe ana yi a kan audugar ƙasar nan shi ne gurɓata da zaren leda. Bari mu bi shi daki-daki.

Yadi ya fito daga rini da fararen layuka a jikinsa, mai saye ya mayar da shi. Don me? Domin akwai wani zare a cikin saƙar da bai kama rini ba. Don me bai kama ba? Domin ba auduga ba ce, leda ce, kuma rinin da auduga ke sha leda ba ta shansa. Don me leda ta shiga zare? Domin ta zo a cikin audugar da aka gurza, injin ya yayyaga ta ta koma siraran zaruruwa farare, waɗanda ido ba ya iya bambanta su da auduga. Don me ta shiga audugar tun farko? Domin a gona an zuba ta a tsohon buhun taki na leda, an danna, an ɗinke bakin da igiyar leda, buhun kuma yana zubar da zarensa. To, don me manomi ya yi amfani da wannan buhu? Domin shi ne ke hannunsa kyauta, kuma a kasuwa kilo ake saye, kuɗin mai tsabta da na maras tsabta ɗaya ne.

A nan ne gizo ke saƙa. Da an tsaya a tambaya ta farko, da mai rini ne zai sha hukunci a kan laifin da bai aikata ba. Da an tsaya a ta huɗu, da an ce manomi ne mai laifi, alhali shi ma abin da kasuwa ta koya masa yake yi. Dattawanmu suna tuna lokacin da ake kai auduga kasuwanninta na musamman, malamin duba amfanin gona ya tantance ta, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, kowace da farashinta. Bayan da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, har da ta auduga, wannan tantancewa ta yi rauni ƙwarai. Saboda haka farin layin da tela ya gani a cikin birni, tushensa yana ga yadda ake awo da biya a ƙauye. Maganinsa kuwa abu biyu ne da dole su tafi tare: a wadata masu cirar auduga da buhunan yadi irin na akoko, sa'an nan mai saye ya fifita mai tsabta a farashi, a bainar jama'a. Wa'azi kaɗai ba zai canja halin da riba ta kafa ba.

Irin wannan ne ya faru da wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami ragowar maganin ƙwari na dikulobos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, fiye da ƙima, kuma a 2016 ta ƙara wa'adin dakatarwar. An gano aibin a tashoshin jiragen ruwa na Turai, amma an haife shi a rumbuna da shagunan ajiya, inda ake yayyafa guba a kan abinci don gudun ƙwari.

Kamfanin mulmula ƙarafa

Birnin Katsina yana da nasa darasin. Kamfanin mulmula ƙarafa da aka buɗe a 1982, wanda kamfanin Kobe Steel na Japan ya gina, an tsara shi ne ya riƙa fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara, daidai da takwarorinsa na Jos da Oshogbo. Amma dukkan ukun an ɗora su ne a kan ɗanyen ƙarfen da za a riƙa ɗauko musu daga kamfanin Aladja da ke kusa da Warri, daga wancan ƙarshen ƙasa zuwa wannan. Da Aladja ta kasa wadata su, sai injina suka riƙa tsayawa, har aka sayar da na Katsina ga kamfanin Dana a zamanin sayar da kamfanonin gwamnati na shekarun 2000. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ga babu hayaƙi zai iya zargin ma'aikata, amma tushen yana nesa da su.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci daga shi kansa Kobe Steel. A watan Oktoba 2017 kamfanin ya amsa cewa an daɗe ana sauya sakamakon gwajin ingancin wasu kayansa na alminiyam da tagulla, kuma a watan Maris 2018 shugabansa ya bayyana murabus. Wannan ya faru ne a ƙasar da ta koya wa duniya dabarun da muke magana a kansu. Ma'ana, zane da matakai ba sa aiki a wurin da ma'aikaci ke tsoron kai wa shugabansa mummunan labari.

Yadda tawaga za ta zauna

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ɗauki misalin gidan bulo da kayansa ke farfashewa. Matakin farko shi ne a tara waɗanda hannunsu ke cikin aikin: mai gida, mai kwaɓi, mai buga bulo, mai ba shi ruwa, direban da ke kawo yashi, da magini ɗaya daga cikin masu saye. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa, kuma tun farko a yi alkawari cewa ba zaman shari'a ba ne.

Na biyu, a fayyace aibin da ƙidaya. Cewa "bulo ba shi da kyau" ba bayani ba ne. A ce guda nawa cikin ɗari suka fashe, na wace rana ne, wane yashi aka yi amfani da shi, a wane gefen fili aka shanya su. Na uku, a tsare ɓarnar nan take: a ware duk bulon da ake shakka, kada ya kai ga ginin wani. Amma a sani cewa wannan ɗaurin rauni ne, ba magani ba.

Na huɗu shi ne bin diddigi. A zana ƙayar kifin, kowa ya faɗi abin da yake tuhuma. Ko yashin yana da laka? Ko simintin ya kwana a danshi ya dunƙule? Ko ana tilasta wa buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙarfinsa? Ko kuwa ba a ba shi ruwa yadda ya kamata? Siminti ruwa yake sha kafin ya yi ƙarfi, ana kuma auna cikakken ƙarfinsa ne bayan kwana 28, alhali iskar hunturu da zafin bazara irin namu suna busar da shi da wuri. Kowane zato sai an gwada shi: a buga kashi biyu a rana ɗaya, a canja abu ɗaya tak a tsakaninsu, a ga bambanci. Gani ya kori ji.

Na biyar da na shida, a zaɓi gyaran da zai tumɓuke tushen, a aiwatar da shi, a ci gaba da ƙidaya har a tabbata aibin ya ragu. Na bakwai, a mayar da gyaran ƙa'ida: a rubuta ma'aunin kwaɓi a bango, a yi awo da mazubi ɗaya sananne, a koya wa duk sabon ma'aikaci. Na takwas, wanda muka fi mantawa da shi, a yaba wa waɗanda suka yi aikin a gaban 'yan'uwansu. Lebura da aka gode wa don ya tona matsala, gobe ma zai yi magana.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Tun da mun ga cewa tushen aibi yakan kasance a gona, ko a kasuwa, ko a wurin ajiya, to hukumomin da ke kusa da jama'a suna da babban rabo a gyaran. Sassan aikin gona da na ayyuka a ƙananan hukumominmu 34 za su iya haɗa manoma da dillalai da masu injina a zama ɗaya kafin kaka, maimakon kowa ya zauna a gefensa yana zargin ɗan'uwansa. Malaman gona na hukumar KTARDA su haɗa maganar buhu da shanya da ajiya cikin abin da suke koyarwa, kamar yadda suke koyar da iri da taki. Hakimai da magaddai da masu unguwa su ja hankalin mahauta da masu layya cewa kowane yankan wuƙa a jikin fata lokacin fiɗa yana rage darajarta a hannun majemi.

Jami'in da ke karɓar aikin gwamnati, ko ajin makaranta ne ko ɗakin shan magani, kada ya sa hannu sai ya duba bulo da rodin da aka kawo, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafi. Irin wannan rubutu ne zai nuna, bayan shekara, ko aibin daga wuri ɗaya yake maimaituwa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, wadda aka kafa tun 1971, da hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, suna da ƙa'idojin da ya kamata kowane mai ƙaramar masana'anta ya nema ya sani tun kafin a zo rufe masa shago. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuwa za su iya tura ɗalibansu gidajen bulo da injinan casar shinkafa na cikin gari, su yi aikin kammala karatu a kan matsala ta zahiri.

Ga ɗan'uwa manomi da mai sana'a, shawararmu ita ce a fara da aibi guda, wanda ya fi jawo asara. A ƙirga shi na mako biyu, a tara abokan aiki, a tambayi dalili har a kai inda tambaya ta ƙare. Sau da yawa za a tarar cewa gyaran bai kai kuɗin kayan da ake zubarwa a wata ɗaya ba. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon faɗa wa juna gaskiya, amin.