Sharhi: Taurarin ɗan'adam na Najeriya sun tsufa, su wa za su ƙera sababbi?

A ranar 17 ga Agusta, 2011, wata roka ta tashi daga sansanin Yasny na ƙasar Rasha ɗauke da taurarin ɗan'adam biyu mallakar Najeriya, wato NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Na biyun ya fi jan hankali, domin injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a masana'antar kamfanin Surrey da ke Ingila, bisa kulawar ƙwararrun kamfanin.

Wannan nasara ba dare ɗaya aka same ta ba. Tun a 1999 aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, kuma lokacin da aka ƙera NigeriaSat-1, wanda aka harba a Satumban 2003, injiniyoyi 15 ne suka sami horo a Surrey. Tauraron ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, ya kuma zarce shekara biyar ɗin da aka ƙayyade masa.

Sai dai tauraro yana da wa'adi. Shekara bakwai aka tsara wa NigeriaSat-2, yayin da tauraron sadarwa na NigComSat-1R, wanda China ta harba a Disamban 2011, aka yanka masa shekara 15. Tun daga wancan lokaci NASRDA ba ta sake harba tauraron ɗaukar hoto mai girman na 2011 ba.

A nan ne batun ma'aikata ya taso. Ƙira sana'a ce da ake riƙe ta da yi. Injiniyan da ya haɗa tauraro yana ɗan shekara 30 a 2011, yau ya haura 40, kuma idan bai sake zama a gaban irin wannan aiki ba, hannunsa zai yi sanyi, na bayansa kuma ba su da inda za su koya.

Ƙasashen da suka yi nisa ma suna kuka da ƙarancin ƙwararru, amma suna auna matsalar. A 2023, Hukumar Sararin Samaniya ta Birtaniya ta fitar da sakamakon binciken da ta sa aka yi kan ƙwarewar ma'aikatan fannin. Fiye da rabin kamfanoni da cibiyoyin da aka tuntuɓa sun ce akwai giɓin ƙwarewa a cikin ma'aikatansu, kuma giɓin ya fi faɗi a rubuta manhaja da sarrafa bayanai. Masu ɗaukar aiki sun kuma koka da cewa wasu fannonin suna ƙwace musu gogaggun ma'aikata da albashi mai tsoka.

Wannan sakamako ya shafi Najeriya kai tsaye. Matashin da ya iya sarrafa hotunan tauraro, shi ne bankuna da kamfanonin sadarwa da na ƙetare ke nema, kuma albashin gwamnati bai kai ya riƙe shi ba.

Wuraren koyo dai akwai su. A Ile-Ife akwai cibiyar Afirka ta koyar da kimiyyar sararin samaniya mai alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya, a Jos akwai cibiyar nazarin hotunan tauraro, a Toro ta jihar Bauchi akwai ta auna doron ƙasa, sannan a Epe ta jihar Legas akwai ta binciken roka. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure kuma ta shiga wani shiri da wata jami'ar Japan, aka harba ƙaramin tauraron EduSat-1 a 2017.

Saboda haka, kafin a rattaba hannu kan kwangilar sababbin taurari, ya kamata a yi ƙidaya a bayyana wa jama'a: cikin waɗanda aka horar a Ingila da China, nawa ne suke bakin aiki? Nawa suka kusa ritaya? Wace ƙwarewa ce jami'o'i ba sa yayewa? Amsoshin ne za su nuna irin sharaɗin horo da za a gindaya wa duk kamfanin da zai karɓi aikin, da kuma sassan da dole a haɗa a gida.

Manomin da ke jiran hasashen damina da mazauna Lakwaja da ambaliya ta ci gidajensu a 2012 da 2022, duk suna buƙatar wanda zai karanta musu hoton tauraro ya gargaɗe su a kan lokaci. Ana iya sayen tauraro cikin shekaru kaɗan idan akwai kuɗi, amma renon injiniyan da zai jagoranci ƙera shi yakan ci shekara goma ko fiye.