In tsohon gida ya faɗi, a tsince azara, a rubuta sunansa

Ran 3 ga watan Satumba na shekara ta 2024, ruwan sama mai yawa ya kada tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, cikin Damagaram. Tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye. Labarinsa ya kai ko'ina, har gidajen rediyo na ƙasashen waje sun faɗe shi. Amma tsofaffin gidajen da ke zubewa a Birni da Zango kowace damana, su ba mai ba da labarinsu. Bana bango ya tsage, baɗi soro ya rufta, magada su share fili su kira mai bulo da sima. Kafin shekara ta kewayo, ko maƙwabci ba ya iya faɗin yadda fuskar gidan take.

Ba wanda ya ce mutum ya kwana da iyalinsa cikin ɗakin da zai faɗo musu a ka. In gini ya gaji, ya gaji. Zancen shi ne abin da ake yi da kayan da ke cikin kufai.

Na farko azara. Daga giginya ake tsage ta, kuma magina sun fi son ta namijin itace don ta fi tauri. Gara ba ta cinta da sauƙi. Shi ya sa bango kan narke ya koma ƙasa, a tono azarar da kakanni suka ɗora a iske ta da ƙarfinta. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce mita 2 ko kusa da haka. Don su sami zaure mai faɗi, sai magina su jera ta hawa hawa, wannan bisa wannan, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya haɗu a tsaka. Rufin da ake kira ɗaurin guga ke nan. Wanda ya kwance irin wannan rufi a hankali, yana duba yadda aka ɗora kowane itace, ya yi karatun da babu shi a lakkol. Wanda ya sa gatari ya faskara, ya sami itacen tuwon kwana uku.

Kuma sabuwar azara ta yi wuya. Giginya itace ne da doka ta tsare, ba a sara sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma kurminta mai yawa yana can nesa, wajen Gaya, cikin Dallol Mawuri. Tsohuwar azarar da aka tsince daga gida guda tana iya tsai da zauren gida na biyu.

Sai ƙyaure. Ƙyauren dā katako ne mai kauri, an ɗaure shi da ƙarfen maƙera da manyan ƙusoshi. Shi ne masu sayen tsofaffin kaya suke nema, su ba da ƴan kuɗi kaɗan su ɗora a mota. Tun 1997 akwai dokar ƙasa mai kare kayan gado, wadda ta hana a fitar da irinsu waje ba da izini ba. Amma ko ƙyauren bai tsallake iyaka ba, in ya bar ƙofarsa ba wanda ya rubuta daga inda ya fito, ya zama katako kawai. Gidan kayan tarihi na Damagaram, ko na Bubu Hama da aka buɗe a Yamai a 1959, in aka kai musu kaya, tambayarsu ta farko ita ce: na gidan wa ne, a wace unguwa?

Abin da ya fi ciwo shi ne zanen bango. Dagi da sauran zanen da ake fiddawa da ɗanyar ƙasa kewaye da ƙofar zaure, da zankwayen da ke bisa soro, ba a ciccire su a kai ajiya. Jikin bango ne. Ranar da ya faɗi, sun tafi tare. Maganinsu guda ne: a ɗauki hoto tun gini na tsaye. A dā sai an jira baƙo mai na'ura. Yanzu salula tana aljihun kowane saurayi. A ɗauka daga gaba, a ɗauka daga gefe da hantsi lokacin da inuwa ke fito da zanen, a tsai da sanda mai tsawon mita guda jikin bango don a san girmansa. Sa'an nan a wanke hoton a takarda, domin salula tana ɓata, tana kuma faɗawa cikin ruwa.

Hoto kaɗai ba ya isa. A sami littafi guda a hannun mai unguwa, kowane gida da shafinsa: sunan wanda ya gina, sana'arsa, zamanin wane sarki, wane magini ya yi aikin, daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasa. A Damagaram lissafin ba shi da wuya, tunda tsofaffi suna auna shekaru da sarauta da manyan al'amura: zamanin Sarki Tanimu mai ganuwa, ko kafin shigowar Nasara a 1899, ko bayan an mai da babban birni Yamai a 1926. Gidan Malam Yaro, attajirin Zango, an san shi don sunan mai shi ya shiga littattafai. Gidaje nawa ne na madugai da marina da dukawa da ba su sami wannan sa'a ba? Mushen lakkol da ƴan ajinsa suna iya cika shafi goma a hutu guda, da boko ko da ajami.

A tambayi tsofaffin magina kuma, tun suna raye. Su suka san yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa, da yadda ake haɗa laso da katsin marina don ruwa ya zame bisa soro. Su ne za su faɗi abin da masu gidaje da yawa ba su so su ji: shafa sima bisa bangon ƙasa ba gyara ba ne. Sima tana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, tubali ya ruɓe a ɓoye, bango yana kyalli a waje.

Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2013. Birnin Damagaram da fadar Sarki an sa su cikin jerin masu jira tun 2006. Masu duba irin wannan al'amari takarda suke nema: awo, hoto, suna, shekara. Abin da ya faɗi ba a rubuta ba, ba ya shiga lissafinsu.

Haka yake a tsofaffin unguwannin Tasawa da Mirya da Tawa. Lokacin aikin kuwa rani ne. Kafin hadarin farko, a hau soro a share indararo, a toshe tsaga, a yi yaɓe. Gidan da aka ga ba zai kai kaka ba, a fara da shi: a fid da mutane, a ɗauki hoto, a kwance ƙyaure, a jera azara a inuwa bisa duwatsu, kada ta taɓa ƙasa, a rubuta lambar shafin gidan jikin kowace guda.