Heaven's Gate da Hukuncin Makon Farko

A watan Nuwamban 1980 aka fara haska fim ɗin Heaven's Gate a birnin New York. Bayan mako guda kacal kamfanin United Artists ya janye shi daga sinima, saboda ruwan suka da ya sauko masa. An kashe masa kimanin dala miliyan 44, abin da ya dawo da shi kuwa bai kai miliyan 4 ba. A 1981 aka sayar da kamfanin ga MGM, sunan fim ɗin kuma ya zama abin buga misali a Hollywood duk sanda ake zancen almubazzaranci.

Sai dai abin da aka yanke wa hukunci a wancan makon, kuɗin ne da halin mai fim ɗin. Daraktan, Michael Cimino, bai daɗe da lashe kyautar Oscar da fim ɗinsa The Deer Hunter ba, kuma tun ana ɗaukar sabon aikin jaridu ke ta ba da labarin taurin kansa: maimaita fitowa ɗaya sau da dama, jinkiri, kasafin da ya ninka har kusan sau huɗu. An kuma zarge shi da azabtar da dawakai a wajen aiki, zargin da bai kamata a share shi don fim ɗin ya yi kyau ba. Kafin a kashe fitilun sinima, masu sharhi da yawa sun riga sun san abin da za su rubuta. In an ƙi mutum, ko ruwa ya shiga sai a ce ya ta da ƙura.

Labarin kansa ya samo tushe ne daga rikicin gundumar Johnson a jihar Wyoming, a farkon shekarun 1890. A cikin fim ɗin, ƙungiyar manyan masu shanu ta rubuta sunayen mutum 125, galibi baƙin haure matalauta daga Turai, ta ɗauko 'yan bindiga su kashe su, da sanin hukuma. Kris Kristofferson ne jami'in tsaron da ya fito daga gidan masu hali, ya kasa tsayawa sosai a kowane ɓangare. Finafinan kaboyi sun saba nuna Amurka a matsayin ƙasar da jarumi ke kawo adalci. Wannan kuwa ya nuna doka a aljihun mai dukiya, har sojoji su iso a ƙarshe don ceton maharan. Ya kuma fito makonni biyu bayan zaɓen Ronald Reagan, lokacin da ba a cika marmarin irin wannan labarin ba.

Akwai wata fitowa da ta isa hujja ita kaɗai. Mutanen garin sun taru a babban zaure suna rawa a kan takalman taya, wani saurayi na zagaye su yana goga goge, haske na ratsa ƙura. Mintuna suna tafiya, labari bai motsa ba. A 1980 an kira wannan ɓata lokaci. Amma a nan ne mai kallo ke sanin fuskokin da ke cikin jerin sunayen, ya ga yadda suke dariya kafin a zo kashe su. Da aka datse fim ɗin daga minti 219 zuwa 149 aka sake fito da shi a 1981, irin wannan numfashin ne ya ragu, sai ya zama guntu kuma mai wuyar bi. Mafi yawan waɗanda suka gan shi a sinima wannan yankakken suka gani.

Aibobinsa na nan. Wasu maganganun hayaniya ta haɗiye su, soyayyar da ke tsakiyar labarin tana jan ƙafa. Duk da haka, da aka nuna gyararren kwafinsa a bikin finafinai na Venice a Italiya a 2012, masu sharhi da dama sun sauya ra'ayi, Cimino yana raye ya ga hakan kafin rasuwarsa a 2016.

Ba shi kaɗai ba ne. The Thing na John Carpenter ya fito a Yunin 1982, makonni biyu bayan E.T., aka yi masa tofin Allah tsine, yau kuma yana sahun gaba a finafinan ban tsoro. Masu kyautar Razzie, wadda ake bai wa mafi muni, sun sa Stanley Kubrick cikin 'yan takara saboda The Shining, sun kuma sa jarumarsa Shelley Duvall, sai a 2022 suka janye sunanta.

Wannan ba ya nufin kowane abin da aka yar zinariya ne. The Room na 2003 mummunan fim ne da gaske, masu cika sinima dominsa dariya suke zuwa yi masa. Mai neman na kirki a cikin tarkace zai fi amfana da karanta sukar da kanta, maimakon makin da Rotten Tomatoes ya tara. Idan ƙorafin duk a kan kuɗi ne, ko tsawo, ko cewa fim ɗin ya ƙi yin abin da aka saba, akwai dalilin zama a kalla. Sai kuma a bincika wane kwafi ne a hannu, domin Heaven's Gate na minti 149 da na minti 216 da aka nuna a Venice suna ɗaya kawai suka haɗa.