TAKARDA BA TA TAKA BIRKI

Jama'a, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau zancenmu a kan wata 'yar mota yake, da kuma wata 'yar takarda. Motar ita ce irin mai ƙofa biyun nan, gajeruwa, mai kwanciya a ƙasa kamar kunkuru, wadda Turawa suka ƙera domin gudu da ado. Takardar kuwa ita ce shaidar lafiyar mota, wadda doka ta ce sai da ita mota za ta hau titi.

Mun san wani zai ce, "Ina ruwan mai sayar da tumatir da motar 'yan gayu?" To, da ruwansa har da tsaki. Na farko, irin motocin nan in sun tsufa kuɗinsu faɗuwa yake yi warwas, har ɗan kasuwa matsakaici ko yaron shagonsa ya ga zai iya, ya kwashe jarin shekara biyar ya miƙa wa dillali. Na biyu, ran da birkinta ya ƙi, mai tebur a bakin titi da yarinya mai talla su za ta fara samu. Na uku, takardar da aka ba ta ita ce dai aka ba bas ɗin da ke kai mu kasuwar ƙauye. In ta ƙarya ce a nan, ta ƙarya ce a can.

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu yi misali, watau Audi TT ta farko, wadda kamfanin Jamus ya ƙera daga 1998 zuwa 2006, ana harhaɗa ta a garin Győr na ƙasar Hangari. Ƙashin bayanta ɗaya ne da na Golf 4, wadda kowane bakanike a ƙasar nan ya sani. Jefi-jefi akan gan ta wurin dillalan motocin Kwatano tana sheƙi, dillali yana bugun ƙirji yana cewa, "Alhaji, wannan ai daga Jamus take, dubi ma takardar dubawarsu."

To, mu tsaya mu ga abin da takardar nan ta Jamus take nufi. Tun ran 1 ga Disamba, 1951, doka ta tilasta a riƙa kai motoci ana duba su a can. Sabuwar mota ana duba ta bayan shekara uku, daga nan kuma kowace shekara biyu. Ƙungiyoyin injiniyoyi ne ke aikin, irin su TÜV da DEKRA, kuma asalin TÜV ɗin ya koma 1866, sa'ad da aka kafa ƙungiyar duba tukwanen tururi a Mannheim bayan wata tukunya ta fashe a garin. Ana ɗaga mota a leƙa cikinta, a gwada birki a kan na'ura, a auna hayaƙi, a duba fitilu da sitiyari da tsatsa, a auna zanen taya, wanda bai kamata ya kasa milimita 1.6 ba. In ta ci, a manna mata 'yar alama a lambar baya mai nuna wata da shekarar da za ta komo. In an sami babban aibi a hana ta alamar, a ba mai ita wata guda ya gyara ya dawo. Lalle wannan aiki ne na gaskiya, ba mu da abin kushewa a cikinsa.

Amma fa a lura. Mai dubawar nan ba ya kwance inji. Abin da ido ya gani da abin da na'ura ta auna a ranar, shi ya shaida. Tambayar da aka ɗora masa ita ce ko motar za ta cuci mutane a hanya. Ba a tambaye shi ko za ta cinye aljihun wanda zai saya ba. Haka abin yake a Ingila, inda aka fara tasu jarrabawar a 1960: hukuma da bakinta ta faɗa cewa dubawar ba ta shafi lafiyar inji da kuloci da giya ba. Alhali kuwa manyan cututtukan wannan mota a ɓoye suke, daidai inda mai dubawa ba ya kai hannu.

Ga su nan. Injin da aka fi sa mata shi ne mai lita 1.8 da turbo. A cikinsa akwai bel mai haƙora wanda ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistin. Yana rufe cikin murfi, ba a ganinsa daga waje. Roba ne, shekaru na cinsa ko da motar tana ajiye. Ran da ya tsinke ana cikin tafiya, sai fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su, aikin da za a yi da kuɗi kaɗan ya koma aikin sauke kan inji. Wannan bel ɗin shi ne kuma ke juya famfon ruwa, famfon kuwa da yawansu fukafukansu na roba ne, sukan tsage su daina tura ruwa. To, ga inda abin ya yi muni: allon agogunan da ke gaban direba shi ma ya yi suna wajen lalacewa, allurar mai da ta zafin inji su riƙa faɗin ƙarya, rubutun ya dusashe. Ku haɗa biyun nan da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato, sa'ad da ma'auni ke kai 40. Inji na dafuwa, allura na cewa lafiya lau. Sa'an nan in an taɓa canza allon nan, adadin kilomitar da yake nunawa ba lalle ne ya zama na motar ba.

Har ila yau akwai kwayil ɗin da ke kan kowane fulogi, wanda kan mutu ba sallama, mota ta kama kakkarwa. In maigidanta na farko ya yi sakaci da juyen baƙin mai, dauɗa kan toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta, turbo da ƙarfen inji su yi ta aiki a bushe. Masu jan ƙafa huɗu kuma suna da wata na'ura a baya mai man kanta, wadda mutane da yawa ba su ma san ana canza mata mai ba.

Abin da mai dubawa kan kama shi ne na ƙafa: robobin hannun gaba da suka cinye, sifirin da ya karye, faifan birki da ya sirance, yoyon mai, fitila mai kallon sama. Waɗannan ma shaidarsu ta yini guda ce. Motar nan ƙasa-ƙasa take, an yi ta domin titi mai santsi. Rami ɗaya na damina ko tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa mata kaskon baƙin mai.

Akwai kuma wani darasi a tarihinta. A 1999, tana sabuwa fil, da cikakkiyar yardar hukuma, aka yi ta samun haɗari da ita a manyan hanyoyin Jamus, har da rasa rayuka, domin bayanta kan kubce in an karya sitiyari ana gudun wajen kilomita 180 a sa'a. Tilas kamfanin ya kira motocin a ƙarshen 1999 da farkon 2000, ya gyara ƙafafunsu, ya sa ɗan fiffike a baya, ya kuma kawo na'urar hana zamewa. Ashe ko sabuwa ma takarda ba ta san komai ba, balle wadda autarta ta 2006 ce.

Yanzu sai mu tambaya, me ya sa Bajamushe ya rabu da ita? Sau da yawa amsar a fili take. Lokacin dubawa ya zo, ya lissafa kuɗin gyara ya ga ya fi kuɗin motar, sai ya sayar wa mai fitar da motoci waje, a loda ta a jirgi a Hambug ko Antwaf ta Beljiyam, sai Kwatano ko Ikko. Ba zargi muke yi ba. A Oktoba 2020 sashen kula da muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka zo. A shekarar nan dai masu bincike na gwamnatin Holan suka duba motocin da ake fitarwa daga ƙasarsu zuwa Afirka, suka tarar yawancinsu ba su da shaidar lafiya mai aiki, galibi shekarunsu 16 zuwa 20, waɗansu ma an yanke musu tukunyar tace hayaƙi domin ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Saboda haka in dillali ya nuna maka takarda, dubi kwanan watanta tukuna, ka kuma gwada lambar jikin motar da wadda aka rubuta.

To, ta iso gida. A nan ne ya kamata hukumarmu ta tare ta, ta yi mata duban da ya fi na can tsanani, tun da hanyoyinmu sun fi nasu cin mota. Me ake yi? Ba sai mun faɗa muku ba. Wane direba ne bai san ana iya ba ɗan kamasho kuɗi da safe, ya kawo takardar lafiyar mota da la'asar, motar kuwa tana kan duwatsu a gareji ba taya? An mai da shaidar lafiya haraji. Gwamnati ta karɓi nata, ɗan kamasho ya karɓi nasa, birki yana nan yadda yake. In an yi haɗari kuma sai a ce gangancin direba ne, a rufe magana. Jihar Ikko ta kafa wuraren duba mota da na'ura, a 2022 kuma ta ce ba takarda sai an ga mota. Wannan ya nuna abin ba gagara ya yi ba, niyya ce ba a yi ba.

Ga abin da muke nema a madadin jama'a. Kada a sake buga hatimi a kan takardar motar da ba a gani ba, ma'aikacin da ya yi haka kuwa a hukunta shi kamar mai shaidar zur, domin shi ne. A rubuta kuɗin dubawa ɓaro-ɓaro da Hausa a bangon ofis, a ba da rasit. A ajiye sakamakon kowace dubawa da adadin kilomita a ƙarƙashin lambar mota, yadda mai saye zai iya bincikawa, kamar yadda ake yi a Ingila, inda kowa zai iya ganin tarihin dubawar mota tun daga 2005 a intanet ba ko kwabo. A duba motocin waje tun a tashar jirgin ruwa kafin su shiga kasuwa. Wanda motarsa ta faɗi a ba shi wa'adin gyara, kada a mai da dubawa tarkon tatsar direbobi a kan hanya. Kuma doka ta hau kowa, motar mai rawani da ta mai kayan gwari layi ɗaya.

Kafin masu mulki su farka, kai ɗan'uwa da ka ƙwallafa rai a kan irin wannan mota, kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka da sassafe inji yana sanyi, da bakanikenka, ba na dillali ba. Murɗa makulli ka ga fitilun gargaɗi duka sun kama sa'an nan sun mutu bayan inji ya tashi, domin akwai masu cire ƙwan don ɓoye aibi. A sa mata kwamfuta. A hau da ita kan rami a leƙa cikinta. A bar ta ta yi zafi a ga ko fanka na tashi. In babu shaidar ranar da aka canza bel da famfon ruwa, ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗinsu daga ciniki, ka canza su tun ba ka yi doguwar tafiya ba. In kuwa kuɗinka iyakar na sayen ne, ba ka da na riƙo, haƙura ka bar jarinka a shago. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mu dai mun faɗa, kuma za mu ci gaba da faɗa har ran da takardar lafiyar mota za ta zama shaidar cewa wani ma'aikaci ya durƙusa ya duba birki da idonsa. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanya, amin.