Tanith Lee: Matar da Ta Haɗa So da Tsoro a Littafi Ɗaya

A wannan mako Ingila za mu leƙa, mu duba aikin wata mawallafiya mai suna Tanith Lee, wadda ta yi shekara arba'in da 'yan kai tana rubuta labaran so da na ban tsoro. Galibin waɗanda suka yi makarantar sakandare a ƙasar nan, musamman 'yan mata, in an ce littafin soyayya na Ingila, 'yan ƙananan littattafan nan na kamfanin Mills and Boon ke faɗo musu a rai, waɗanda akan ɓoye a ƙarƙashin matashi don kada uwar ɗakin kwana ta gani. A cikinsu ƙa'ida ɗaya ce: yarinya ta ga saurayi, su yi ta gardama, a shafi na ƙarshe a ɗaura aure. To, ita wannan baiwar Allah wata hanya dabam ta bi. A nata labaran, wanda yarinya ke so sau da yawa shi ne abin da ya kamata ta guda, ko kuwa ita kanta yarinyar ce abin gudun.

Ba ita ta fara share wannan hanya ba. Matan Ingila sun daɗe suna cin abinci da tsoratar da masu karatu. A shekara ta 1794 Ann Radcliffe ta fitar da The Mysteries of Udolpho, labarin marainiyar da aka tsare a wani tsohon gidan sarauta mai duhu, aka biya ta fam 500, kuɗin da a zamanin ya fi ƙarfin mafarkin yawancin marubuta maza. A 1818 kuma Mary Shelley ta fitar da Frankenstein tana da shekara 20, ba tare da an sa sunanta a bangon littafin ba.

An haifi Tanith Lee a Landan ran 19 ga Satumba 1947. Iyayenta rawa ce sana'arsu, saboda haka ta tashi cikin yawan ƙaura, yau wannan makaranta gobe waccan. Tana da lalurar nan da haruffa kan rikice wa yaro a ido, har ta kai wajen shekara takwas ba ta iya karatu ba, sai da mahaifinta ya zauna ya koya mata da kansa. Da ta bar makaranta ta yi aikin akawu, ta yi jiran kanti, ta yi kai abinci a gidan cin abinci, ta kuma yi aiki a laburare. Littafinta na yara, The Dragon Hoard, ya fito a 1971, amma bai fisshe ta daga aikin albashi ba.

Wanda ya fisshe ta shi ne The Birthgrave. Labarin wata mace ce wadda ta farka a cikin dutse mai aman wuta, ba ta san sunanta ba, ba ta san asalinta ba, tana rufe fuska domin ta gaskata cewa muninta la'ana ne. Ta shiga duniya, wani wuri a bauta mata, wani wuri a bautar da ita. Kamfanonin ɗab'i na Ingila suka ƙi shi. Sai ta aika da shi Amurka, wurin Donald Wollheim mai kamfanin DAW Books, shi kuwa ya buga shi a 1975. Littafin ya karɓu ƙwarai, har a shekarar da ta biyo ta ajiye aiki ta rungumi alƙalami. A lura da wannan, domin zai sake dawowa: tun ran farko mutanen gidansu ba su san inda za su ajiye ta ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne lokacin damina a gare ta. A 1980 ta zama mace ta farko da ta ci lambar ƙungiyar marubuta labaran al'ajabi ta Birtaniya a fannin dogon labari, da littafinta Death's Master. A wannan shekara da ta bayanta ta rubuta wa gidan talabijin na BBC kashi biyu na wasan Blake's 7. A 1983 da 1984, shekara biyu a jere, gajerun labaranta suka ci lambar duniya ta wannan fanni.

Amma bari mu tsaya kan abin da ke cikin littattafan, don nan ne maganar take. A cikin Sabella, na 1980, mai ba da labarin mace ce mai shan jinin mutane, tana zaune ita kaɗai a hamadar wata duniya mai kama da Mars. Maza na zuwa mata saboda kyanta, ita kuwa tana buƙatarsu kamar yadda mai yunwa ke buƙatar tuwo, tana kuma ƙin kanta saboda haka. Mai karatu yakan rasa wanda zai tausaya wa. A The Silver Metal Lover, na 1981, wata 'yar masu kuɗi mai shekara 16 ta kamu da son wani mutum-mutumi na ƙarfe wanda aka ƙera don waƙa da faranta rai, ta bar daular gidansu ta bi shi unguwar talakawa, daga baya kamfanin da ya ƙera shi ya karɓe abinsa ya wargaza, saboda ya cika kama da mutum. A Red as Blood kuwa, na 1983, ta ɗauki tatsuniyoyin da Turawa ke yi wa 'ya'yansu ta juya su ciki waje: kyakkyawar marainiyar nan da kowa ke tausayi ita ce mai shan jini, kishiyar uwar da aka saba zagi ita ce mai tsoron Allah da ke neman ceto ta.

Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kakarsa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ai muna da tatsuniyar budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, dodo ya ari jiki sumul ya zo ya aure ta, sai da suka yi nisa a daji ya fara mayar da kayan aro. Abin da tsohuwa ke faɗa wa jikokinta a taƙaice, cewa abin da ke jan ido da abin da ke cin mutum sukan zo a riga ɗaya, shi wannan mata ta shimfiɗa a littafi fiye da 90 da gajerun labarai fiye da 300. Bambancin, ita takan shiga cikin zuciyar dodon ta tambaye shi yadda yake ji.

Wani zai ce, ashe dai batsa ce aka yi wa kwalliya. Tambayar tana bisa hanya, kuma ba zan rufe wa kowa gaskiya ba: akwai littattafanta da ba zan miƙa wa yaro ba, akwai ma wanda babba zai karanta ya ji ransa ya ɓaci. Dark Dance, na 1992, labarin wata mai aiki a kantin littattafai a Landan ce wadda dangin ubanta, waɗanda ba ta taɓa sani ba, suka jawo ta wani tsohon gida a bakin teku, abin da suka shirya mata kuwa bai dace da shafin jarida ba. A ganina a nan ta wuce gona da iri. Duk da haka akwai ma'auni. Mai rubuta batsa yakan nuna sha'awa kamar ruwan rijiya, a ɗiba a tafi, ba wanda ya yi hasara. A wurin Tanith Lee kuwa kowane ɗiba da kuɗinsa, wani ya biya da hankalinsa, wani da 'yancinsa, wani da ransa. Ta fuskar doka dai ba ta da abin fargaba, domin tun shari'ar littafin Lady Chatterley's Lover a 1960, wadda kamfanin Penguin ya ci, ƙofar irin wannan rubutu ta buɗe a Ingila.

Abin da ya kayar da ita kasuwa ce. Daga farkon shekarun 1990 cinikin littattafan ban tsoro ya faɗi, bayan an cika kantuna da su har mutane sun ƙoshi. Ƙananan kamfanonin ɗab'i da yawa manya suka haɗiye su, ikon zaɓen littafi ya fara tashi daga hannun edita ya koma hannun masu lissafi. Sa'an nan a 1995 tsohuwar yarjejeniyar da ta hana a sayar da sabon littafi ƙasa da kuɗin da aka rubuta a bangonsa ta rushe, a 1997 kotu ta soke ta ɗungum. Manyan kantuna suka shiga karya farashin 'yan littattafan da suka tabbata za su tafi da dubbai, marubutan tsakiya, waɗanda ke da masu karatu amintattu amma ba su cika kasuwa ba, suka rasa wuri. Ga shi kuma kanti yana so a gaya masa layin da zai jera littafi, na soyayya ko na tsoro ko na yara, ita kuwa kowane sabon littafinta ba ya kama da na jiya. A wata hira da mujallar Locus a 1998 ta gaya wa masu karatunta cewa in sun ga shiru daga gare ta kada su ɗora mata laifi, rubutu tana yi, masu bugawa ne ba su karɓa.

Abin mamaki, kayan da ta daɗe tana sayarwa ba su daina ciniki ba, hannu kawai suka sake. A 1993 kamfanin Virgin ya buɗe reshen Black Lace, wanda mata ke rubuta wa mata labaran sha'awa. A 2005 wata Ba'amurkiya, Stephenie Meyer, ta fitar da Twilight, labarin budurwa da saurayi mai shan jini, shekara 25 bayan Sabella, aka saye shi miliyoyi. A 2011 wata 'yar Ingila, E. L. James, ta fitar da Fifty Shades of Grey, wanda jerinsa ya wuce kwafi miliyan 100 cikin 'yan shekaru. Duk wanda ya karanta shafi goma na waɗannan ya karanta goma na Tanith Lee ya san wa ya fi iya sarrafa harshe. Amma su sun ba mai saye abu guda da ya sani tun daga bango, tare da alkawarin cewa ƙarshe zai yi daɗi, ita kuwa ba ta taɓa yin wannan alkawari ba.

Ba ta ajiye alƙalami ba. Ta koma ga ƙananan maɗaba'u irin su Immanion Press, na wata marubuciya 'yar'uwarta Storm Constantine, waɗanda ke buga kwafi kaɗan ga masu nema. A 2004 ta fitar da littattafai biyu na sha'awa da sunan aro, Esther Garber. Lambobi kuwa sai daɗa zuwa suke yi: a 2009 babban taron marubuta labaran tsoro na duniya ya naɗa ta gwanar gwanaye, a 2013 aka ba ta lambar aikin rayuwa a fannin labaran al'ajabi, a 2015 ƙungiyar marubuta labaran tsoro ta ba ta irin wannan lamba mai sunan Bram Stoker, mawallafin Dracula.

Ta rasu ran 24 ga Mayu 2015 a gidanta da ke gundumar Sussex ta Gabas, bayan fama da ciwon dajin mama, tana da shekara 67. A cikin wannan shekara kamfanin DAW na Amurka, wanda ya karɓi The Birthgrave shekara 40 da suka wuce lokacin da Ingila ta ƙi shi, ya sake buga shi da sabon bango.