Wa Ya Kulle Spider-Man Cikin Roba?

A shekarar 2021 ɗan YouTube ɗin nan na Amurka, Logan Paul, ya mallaki katin Pokémon guda ɗaya a kan dala miliyan 5 da dubu 275. Katin, mai suna Pikachu Illustrator, asalinsa kyauta ce da aka raba wa waɗanda suka ci gasar zane ta wata mujallar yara a Japan a ƙarshen shekarun 1990. A 2022 ya rataya shi a wuya, cikin robarsa a kulle, ya shiga filin kokawa na WrestleMania. Tukwicin da aka yi wa yaro don ya iya zane ya koma sarƙar wuyan attajiri, kuma duk wannan ana kiransa "kewar yarinta". Mu ba mu yarda da wannan sunan ba.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu da muka haura talatin mun san wannan ciwon. Mun taso muna yage ledar cingam don ganin hoton da ke ciki, muna musaya a bayan aji, muna gardamar ko Superman zai kayar da Hulk har a buga ƙararrawa. Kewar gaskiya ce, ba mu da ja a kanta. Rigimarmu da masu buɗe shago ne a kan wannan kewa.

Mu fara daga inda abin ya samo asali. A 1962 kamfanin cingam na Topps a Amurka ya fitar da Mars Attacks, katuna 55 masu ba da labarin halittun duniyar Mars sun kawo wa ’yan Adam farmaki. Zanen ya yi muni har iyaye suka yi ca, kamfanin ya dakatar da bugawa. A 1977, da fim ɗin Star Wars ya fito, Topps ya soma fitar da katunansa, kashi biyar, 66 a kowane kashi, jimilla 330. A lokacin yaro ba shi da kaset ɗin fim ɗin a gida, balle waya. Idan ya fito daga silima, katin ne kaɗai abin da zai riƙe ya sake ganin Darth Vader. A 1990 kamfanin Impel ya kawo katunan Marvel Universe, hoton jarumi a gaba, tarihinsa da lissafin faɗace-faɗacensa a baya. Yara da yawa a bayan kati suka fara sanin ’yan X-Men kafin su buɗe littafin zanensu.

Abin lura shi ne yadda ake mu'amala da katin. A aljihu yake kwana, a ɗaure shi da roba, kusurwarsa ta lanƙwashe, gumi ya taɓa shi. Wanda yake da Wolverine biyu dole ya nemi wanda ba shi da ko ɗaya, a zauna a yi ciniki, a yi faɗa, a shirya. Darajar katin tana cikin yawan hannun da ya ratsa.

Yau an juya lissafin. Akwai kamfanonin tantancewa, mafi shahara PSA da aka kafa a 1991. Za ka aika musu katinka, ka biya, su duba kusurwa da gefe da fuska da daidaiton bugu, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi cikin roba mai tauri wadda ba ta buɗuwa sai an fasa. Katin da ya ci 10 yakan ninka farashin mai 7 sau da yawa. Ma'anar wannan a fili take: katin da yaro ya so har ya tsufa a hannunsa ya zama shara, wanda aka jefa a akwati ba wanda ya kula shi ya zama dukiya. Kasuwar da take ikirarin tana girmama yarinta, tara take ci wa duk wanda ya yi yarintar.

Za a ce mana, ai tun fil azal kasuwanci ne, an saka kati a leda ne don cingam ya shiga. Gaskiya ne. Har ma Impel ya ɓoye katuna biyar masu ƙyalli a cikin na 1990, ba sa fitowa sai jefi-jefi, don yaro ya yi ta saye. To amma akwai bambanci tsakanin wanda ya sayar wa yaro abin wasa da wanda ya ce wa magidanci abin wasan nan jari ne, ya zuba kuɗin gidansa. Kuma an taɓa gwada na biyun, an ga ƙarshensa. A farkon shekarun 1990 manya suka afka wa katuna da littattafan zane, suna saye kwali-kwali suna adanawa, kamfanoni kuwa suna ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Marvel ya sayi kamfanin kati na Fleer a 1992, ya ƙara da SkyBox a 1995. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada. Kasuwa ta rushe, a Disamban 1996 Marvel ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi, a 1999 kuma ya sayar da kamfanonin biyu a kan kuɗin da bai kai rubu'in abin da ya kashe ba. Bayan shekara 25, lokacin kullen korona, zazzaɓin ya dawo. A Mayun 2021 kantunan Target suka dakatar da sayar da katunan Pokémon da na wasanni a cikin shagunansu, bayan wani faɗa a kan kati a wajen ajiye motoci a jihar Wisconsin. Manya ne suka yi faɗan.

Sai kuma kashi na uku, wanda ya shafi sana'armu ta rubuta manhaja. Tun 2015 Topps yake da manhajar katunan Star Wars a waya, a 2021 kuma Marvel ya shiga sayar da kayan tarawa na NFT. A nan babu takarda, babu tawada. Idan manhaja ta ce maka wannan katin guda 100 ne kacal a duniya, mu mun san abin da ke bayan labule: lamba ce a rumbun bayanai, wani ya zauna ya rubuta 100, da ya ga dama da ya rubuta miliyan. Yiwuwar kati mai tsada ya faɗo maka ita ma lamba ce, ana iya ɗaga ta ko a sauke ta gwargwadon abin da zai sa ka sake biya. Shi ya sa a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasu wasannin kwamfuta caca ne. Mallakar ma aro ce. A Nuwamban 2017 aka rufe wasan intanet na Marvel Heroes, jarumai da kayan da mutane suka saya da kuɗinsu suka tafi tare da shi. Katin takarda na 1977 kuwa yana nan, ko kamfanin ya mutu ko ya rayu.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A 2024 nan ƙasar Hausa mun ga matasa da iyayen gida sun duƙufa a kan Hamster Kombat, kullum ana neman "katunan yau" guda uku, ana danna waya har yatsa ya yi ciwo. Da aka raba kuɗin a watan Satumba, kowa ya san irin dariyar takaicin da aka yi. An yi wa rogo ganin kitse. Dabarar ɗaya ce: a ɗauki daɗin tarawa da ke cikin jinin ɗan Adam tun yana yaro, a ɗaura masa alkawarin arziki.

Ba mu ce a ƙona katuna ba. Zanen da Norman Saunders ya yi wa Mars Attacks da wanda Joe Jusko ya yi wa Marvel Masterpieces a 1992 aikin gwanaye ne, ya cancanci a adana shi a kuma kalle shi. Wanda yake da halin saye don yana so, Allah ya sa albarka. Amma duk wanda ya zo maka da maganar kewar yarinta, sannan ya biyo da jadawalin farashi, dillali ne, ka yi masa kallon dillali.

Idan kana da tsohon kati a ƙasan akwati, fito da shi. Kira ɗanka ko ’yar ƙanwarka, ka gaya musu wane ne wannan mai jan mayafi, daga wace duniya ya zo, da abin da yake karya masa lago. Ka miƙa musu ba leda, ba roba. Idan sun lanƙwasa shi, sun rage masa maki a wajen PSA, kuma wannan damuwar PSA ce.