Kafin ka ɗora wa motarka manyan wili, tuna hanyar Batsari za ta bi

Matashin da zai sayi waya a yau ba ya miƙa kuɗi sai ya duba RAM, ya duba ƙarfin batir, ya tambayi shekarar da ta fito. Amma in ya je sayen taya, tambayarsa biyu ce: nawa ne, kuma za ta yi kyau a hoto? Yayin da ake yi yanzu shi ne a cire wilin da mota ta zo da shi, a ɗora aloyi mai inci 18 da siririyar taya, irin wadda ake gani a motocin tsere a TikTok da Instagram. Ra'ayina shi ne, ga mai bin hanyar Katsina zuwa Batsari, ko Batsari zuwa Safana har Dutsin-Ma, wannan kwalliya asara ce, kuma tana iya zama ganganci da rai.

Karanta gefen tayarka

Duk taya tana ɗauke da bayananta a jikinta. Ɗauki misalin 195/65 R15 91H, lambar da Corolla da yawa ke zuwa da ita. 195 faɗin tayar ne a milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato kusan milimita 127. R15 na nufin wili mai inci 15 take shiga. 91 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne, kilo 615. Harafin ƙarshe kuwa iyakar gudu ce: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270.

To, sai ka cire ta ka sa 225/40 R18. Buɗe kalkuletan wayarka. Kashi 40 na 225 milimita 90 ne. Ka rage kusan milimita 37 daga robar da iskar da ke tsakanin wilinka da ƙasa. Tsayin tayar gaba ɗaya bai canza sosai ba, daga milimita 634 zuwa 637, don haka motar za ta tafi. Amma abin da ke shanye dukan rami ya ragu da kusan kashi uku cikin goma.

Gaskiya ne faffaɗar taya mai gajeren gefe ta fi riƙe kwalta a kwana, sitiyari kuma ya fi saurin amsawa. Don haka ake sa wa motocin Porsche da BMW irinta. Sai dai an yi ta ne domin titi mai santsi kamar tebur. A wurinmu, inda damina ke cinye gefen kwalta, inda ka sauka daga babban titi sai burji da rairayi da kututturen gona, gajeren gefe yana matsuwa tsakanin wili da bakin rami. Sakamakon shi ne ƙullutu a gefen taya, ko wili ya lanƙwashe, ko aloyi ya tsage. Ƙullutu kuwa ba ya faci, domin zaren ciki ne ya tsinke.

Akwai abin da duk ɗan yankin nan ya sani. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna makwabtaka da dajin Rugu, kuma sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga shekara da shekaru. Tsayawa a tsakiyar hanya da almuru kana neman jak ba ƙaramin abu ba ne. Ko da rana ce, mai facin ƙauye zai iya samo maka taya mai inci 14 ko 15, amma inci 18 sai ka aika Katsina ko Kano.

In dole sai ka canza girma

Kamfanin motarka ya riga ya rubuta girman da ya dace da yawan iskar da za a sa, a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, wasu motocin kuma a murfin tankin mai. Ɗauki hotonta ka ajiye a waya. In kana son ɗan canji, ƙa'idar da masana taya ke bi ita ce kada tsayin tayar gaba ɗaya ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin ɗari. Misali, 205/55 R16 tana da tsayin milimita 632, ta dace da gurbin 195/65 R15, kuma gefenta na da milimita 113. Amma 215/35 R18 ta gaza da fiye da kashi 4, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, cikin motar kuma ya ƙara kusantar ƙasa. Kana iya gwada agogon da manhajar GPS mai auna gudu, wani yana riƙe da wayar kai kana tuƙi. Kuma kada ka sauka ƙasa da lambar nauyi da harafin gudun da kamfani ya sa, balle in kana loda buhunan rogo ranar kasuwa.

Shekarun taya da batun 'yar Baljiyam

Nemi rubutun DOT a gefen tayar. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗin a canza taya bayan shekara huɗu da ƙera ta. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, zafin Afrilu da Mayu kuma yana hanzarta hakan.

Na san amsar da za a ba ni: sabuwa ta yi tsada. Haka ne. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, kusan duk tayar mota daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Shi ya sa kasuwar 'yar Baljiyam ke ci, duk da cewa tsofaffin tayoyin mota suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Matsalarta ita ce zane mai kyau ba ya nuna tarihi. Wasu ma tayoyin hunturu ne daga Turai, masu hoton tsauni da ƙanƙara a gefe, robarsu mai laushi ce da aka yi domin sanyi, ba domin kwaltar da ke ƙona ƙafa ba. Kuɗin da za ka kashe a aloyi huɗu, in ka juya shi ga sababbin tayoyi masu girman asali, ya fi maka amfani nesa ba kusa ba.

Fashewar taya ba ta san babba ba. A ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe ana cikin gudu.

Saura ƙananan abubuwa da ba sa cin kuɗi. In an rubuta OUTSIDE a taya, wannan gefen ne zai kalli waje. In akwai kibiya da ROTATION, ta nan za ta juya. Sayi geji naka, ka auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, kada ka yarda da bugun yatsa. In zane ya suɗe ya kai milimita 1.6, daidai da ɗan tudun da ke cikin kwarin zanen, aikinta ya ƙare. Ka duba safaya ita ma. Mai babur, kai ma akwai lamba a tayarka, irin 3.00-17, kuma shekaru na cin ta kamar ta mota.

Mai aloyi zai ce maka motar za ta fito. Ka tambaye shi lambar DOT da tsayin gefen tayar, ka yi lissafi a gabansa, sannan ka yanke shawara da hanyar da kake bi kullum a ranka.